Me ya sa ɗan wasan zamiyar ƙanƙara yake sauka lafiya daga tsalle amma a hana shi maki?

Wani malamin makaranta daga Argungu ya aiko da tambaya bayan ya kalli wasan zamiya a kan ƙanƙara a wayarsa, wato wasan nan da ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ana bin kiɗa, ana tsalle ana juyawa a sama. Ya ce ya ga ɗan wasa ya yi tsalle mai juyi uku ya sauka ba ko tangaɗi, 'yan kallo suna ta tafi, amma da ya duba takardar maki sai ya tarar an sa wa tsallen alamar tauraro da 0.00 a gabansa, wani tsallen kuma an rubuta masa +REP an zaftare makinsa. Tambayarsa ita ce: wannan doka ce, ko kuwa son kai ne na alƙalan wasa?

Malam, doka ce, kuma ta girmi duk 'yan wasan da kake kallo a manyan gasanni yau. Asalinta gasar duniya ce da aka yi a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak a watan Maris na 1982, inda wata Ba'amurkiya 'yar shekara 16 mai suna Elaine Zayak ta shiga dogon zagaye, wato zagayen ƙarshe na gasar, tana ta bakwai, ta fito da kambin duniya a hannunta. Abin da ya ɗaga ta shi ne tsalle mai juyi uku da ta yi har sau shida, a zamanin da mata ƙalilan ne suke iya yin rabin haka, sai dai huɗu daga cikin shidan nan duk iri ɗaya ne, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin ire-iren tsallen. Ba ta karya wata ƙa'ida ba, domin babu ƙa'idar a lokacin. A cikin shekarar ne babban taron Ƙungiyar Wasannin Zamiyar Ƙanƙara ta Duniya, wato ISU, mai mazauni a birnin Lausanne na Suwizalan, ya ƙayyade yawan maimaita tsalle, kuma har yau masu bin wasan da sunanta suke kiran dokar.

Kafin a fahimci abin da ake nufi da maimaitawa, dole a san cewa tsallen da ido yake gani kamar iri ɗaya ne a zahiri iri shida ne, kuma abin da ya bambanta su shi ne yadda aka tashi daga ƙanƙara, domin saukar kusan duk ɗaya ce. Ƙarfen da yake ƙarƙashin takalmin yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, yana kuma da haƙora a gaba. Uku daga cikin tsallen ana yin su ne da soka haƙoran ɗaya ƙafar a ƙanƙara don a samu abin dogarawa, su ne toluf da filif da Luts. Sauran ukun, Salko da luf da Aksel, daga kaifi kawai ake tashi. Aksel shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba, kuma da yake da baya ake sauka, yana da ƙarin rabin juyi, ta yadda Aksel mai juyi uku juyi uku da rabi ne. A takardar maki ana rubuta lambar juyi sannan harafin tsalle: 3T toluf mai juyi uku ne, 3Lz Luts mai juyi uku, 4S Salko mai juyi huɗu, 2A kuma Aksel mai juyi biyu.

Kowane ɗaya yana da makin tushe gwargwadon wahalarsa. A jadawalin da aka fara aiki da shi a 2018, masu juyi uku sun tashi daga toluf mai 4.20, Salko 4.30, luf 4.90, filif 5.30, Luts 5.90, har zuwa Aksel mai 8.00. Masu juyi huɗu kuwa sun fara daga toluf mai 9.50 sun ƙare a Aksel mai 12.50. Duk lissafin da zan yi a nan a kan wannan jadawali ne, da kuma ƙa'idodin da aka yi gasar Olamfik ta 2022 da ta 2026 da su.

A dogon zagaye, mai tsawon minti huɗu, ɗan wasa yana da guraben tsalle bakwai, kuma tilas ɗaya ya zama Aksel. A uku daga cikin guraben an yarda ya yi haɗi, wato ya sauka daga tsalle ya sake tashi nan take a kan ƙafar da ya sauka ba tare da taku a tsakani ba, kuma haɗi ɗaya kaɗai ne zai iya ɗaukar tsalle uku. Dokar maimaitawa ta ce a cikin dukkan tsalle masu juyi uku da masu juyi huɗu, iri biyu kawai ake iya yi sau biyu, babu wanda ake yi sau uku, kuma wanda aka maimaita sai aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya kasance a cikin haɗi. Tsalle ɗaya mai juyi daban ana lissafa shi daban, saboda haka 4T da 3T tsalle biyu ne a idon doka. Wannan ne ya sa za ka ga mafi yawan manyan 'yan wasa mata da ba su yin Aksel mai juyi uku suna tsayawa a tsalle bakwai masu juyi uku: iri biyar ne a hannunsu, a ƙara maimaici biyu, iyakar ke nan, sai su cike sauran da Aksel mai juyi biyu.

Dalilin dokar a fili yake idan aka yi lissafi. A kokawa, kamar wadda ake yi a lokacin bikin kamun kifi na garinku, wanda ya iya dabarar kaye guda ɗaya tak, matuƙar tana kai abokin karawa ƙasa, babu mai ce masa ya sauya, domin kaye kaye ne. Wasan ƙanƙara ba abokin karawa ake kayarwa ba, gwaninta ake aunawa, kuma da a ce babu ƙayyadewa, wanda ya iya toluf mai juyi huɗu shi kaɗai zai cika gurabensa da shi ya kwashi 9.50 a kowanne, alhali wanda ya ƙware a dukkan ire-iren shida masu juyi uku, in ya jera su sau ɗaya-ɗaya, 32.60 kawai zai tara. Cikin 'yan shekaru masu horarwa za su daina koyar da luf da filif, tunda babu riba a cikinsu.

Yanzu ga alamomi biyun da ka gani. Ta farko, +REP, tana fitowa ne idan ɗan wasa ya yi tsalle iri ɗaya sau biyu kuma duka biyun su kaɗai, babu wanda aka haɗa da wani. A nan ba a soke na biyun, sai dai a ba shi kashi 70 cikin 100 na makin tushensa: Luts mai 5.90 ya koma 4.13, Aksel mai 8.00 ya koma 5.60, toluf mai juyi huɗu ya sauko daga 9.50 zuwa 6.65. Ba wanda yake tsara haka da gangan. Abin da yakan faru shi ne 'yar wasa ta shirya Luts na farko a haɗe da toluf, sai ta faɗi ko ta sauka a karkace ta kasa ɗora na biyu, to daga wannan lokaci Luts ɗin da ta shirya yi shi kaɗai a can gaba ya zama dole ta ɗora masa wani abu. In ka lura da kyau za ka ga wani lokaci 'yar wasa ta sauka daga tsalle gudunta ya kusa ƙarewa, gwiwa tana rawa, amma ta daure ta soka haƙoran takalmi ta yi wani ɗan ƙaramin tsalle mara armashi. Mai kallo zai ce me ya kai ta, alhali da shi ta ceci makinta: Luts da toluf mai juyi biyu 7.20 ne, Luts mai +REP kuwa 4.13, bambancin ya haura maki uku, kuma a manyan gasanni an sha raba lambar yabo da ƙasa da haka.

Alama ta biyu, tauraro, ta fi zafi, domin tsallen ya tashi a tutar babu, kuma ya cinye gurbinsa, ba za a ce a sake wani a madadinsa ba. Ana sa ta ne ga tsallen da aka yi karo na uku, ko ga maimaici na uku bayan an riga an maimaita iri biyu, ko ga tsallen da ya wuce adadin da aka yarda. Ana bin su ne bi da bi yadda aka yi su, ba a zaɓar wa ɗan wasa mafi tsoka a soke mafi ƙanƙanta, saboda haka wanda ya zo daga baya shi ne yake faɗuwa ko da ya fi na farko kyau. A da, idan tsalle ɗaya a cikin haɗi ya saɓa doka, haɗin gaba ɗaya ake sokewa, amma a ƙa'idar yanzu tsallen da ya saɓa shi kaɗai ake cirewa, wanda sassauci ne da ya dace.

A nan gizo yake saƙa: doka abin da aka yi take ƙirgawa, ba abin da aka yi niyya ba. Kowane ɗan wasa yana miƙa jerin abin da ya shirya kafin ya shiga fili, kuma wannan jeri mai horarwa ya tace shi, babu saɓawa a cikinsa. Amma tsalle bai kai daƙiƙa ɗaya a sama ba, kuma idan tashin bai yi daidai ba, jiki yakan buɗe kafin juyi ya cika, sai mai huɗu ya zama mai uku ko mai biyu. A ɗauka ɗan wasa ya shirya 4T haɗe da 3T a gurbin farko, 4T shi kaɗai a na biyu, sannan Aksel mai juyi uku sau biyu a gaba. Maimaicinsa biyu su ne 4T da 3A, komai lafiya. Sai 4T na farko ya buɗe ya zama 3T, ya kuma ɗora masa 3T kamar yadda ya saba. Yanzu ya yi 3T sau biyu, ya cinye maimaici ɗaya a inda bai shirya ba, kuma daga nan zuwa ƙarshen kiɗa duk wani 3T da zai yi banza ne. Idan 4T na biyu ma ya buɗe ya zama 3T, to wannan tsalle da ya sauka lafiya, aka yi masa tafi, sifili ne. Ina kyautata zaton irin wannan ka gani.

Akwai dalilin da ya sa toluf ne ya fi jefa mutane a wannan rami. Duk tsalle a kan kaifin waje na ƙafa ɗaya ake sauka ana tafiya da baya, kuma tsalle biyu ne kawai ake iya tashi daga wannan kaifi kai tsaye, toluf da luf. Luf a matsayin na biyu yana da wuya ƙwarai, shi ya sa haɗin luf da luf masu juyi uku-uku da Tara Lipinski ta yi a Olamfik ta Nagano a 1998 ya zama abin tunawa. Saboda haka kusan kowa toluf yake ɗorawa, kuma ga maza shi ne mai juyi huɗu da aka fi fara koya, sai ya zamana tsalle ɗaya yana aiki a wurare da yawa, da zarar ɗaya ya goce lissafin duka ya rikice. Mafitar da ake bi ita ce wani ɗan tsalle mai juyi ɗaya da ake rubutawa 1Eu, mai maki 0.50, wanda yake sauke mutum a ɗaya ƙafar don ya iya ɗora Salko ko filif.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Javier Fernández ɗan ƙasar Sifaniya a Olamfik ta Sochi a Rasha, a 2014. Ya shiga dogon zagaye yana na uku, ƙasarsa kuma ba ta taɓa samun lambar Olamfik a wannan wasa ba. Salko da ya shirya mai juyi huɗu a tsakiyar wasa ya fito mai juyi uku, ya sake yin wani Salko mai juyi uku a cikin haɗi, sannan a ƙarshe ya yi wani kamar yadda yake a tsarinsa na asali, wanda ya zama na uku, aka soke shi. Ya ƙare da 253.92, Denis Ten na Kazakistan ya ɗauki tagulla da 255.10, tazarar 1.18 ke nan, alhali tsallen da aka soke ya haura maki huɗu. Da a ce a wannan gurbi ya yi Aksel mai juyi biyu, mai 3.30, ya sauka lafiya, da lissafi ya ba shi lambar. Sai bayan shekara huɗu, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, ya samu tagullar.

Wani bambanci da yake rikita har tsofaffin 'yan kallo shi ne tsakanin tsallen da ya buɗe da tsallen da bai cika juyi ba. Idan ɗan wasa ya matse jikinsa ya nemi juyi huɗu amma ya sauka da saura, ana sa masa alamar < in abin da ya rage ya wuce rubu'in juyi bai kai rabi ba, a ba shi kashi 80 cikin 100, ko alamar << in ya kai rabi, a ba shi makin mai juyi uku. Duk da haka, wajen ƙirga maimaici, a matsayin mai juyi huɗu ake lissafa shi, tunda shi ya nema. Wato 4T<< makin 3T yake ci amma bai shiga lissafin 3T ba. Ɗan wasa kuwa ba ya ganin waɗannan alamomi yana cikin fili, da jin jikinsa kawai yake hukunta abin da ya yi.

Masu juyi biyu ƙa'idarsu ta fi sauƙi: kowane iri, har da Aksel, sau biyu ne iyakarsa, amma ba a sharɗanta haɗi ba, kuma ba su shiga lissafin maimaici biyun nan. Tarkonsu shi ne haɗi mai tsalle uku da aka cika da 2T sau biyu, domin duk wani 2T bayansa soke shi za a yi.

A 2018 aka ƙara wani sharaɗi, cewa a cikin maimaici biyun, ɗaya kawai zai iya zama mai juyi huɗu. A Olamfik ta wannan shekara Nathan Chen na Amurka ya gwada masu juyi huɗu har shida a dogon zagaye da iri huɗu kacal, domin ya maimaita filif ya kuma maimaita toluf, abin da doka ta yarda da shi a lokacin. Bayan 'yan watanni aka rufe wannan ƙofa, aka kuma rage guraben maza daga takwas zuwa bakwai, aka rage lokacinsu daga minti huɗu da rabi zuwa huɗu. Sakamakon shi ne mai son yin masu juyi huɗu da yawa sai ya koyi ire-ire da yawa. Ilia Malinin, wanda shi ne ya fara sauka daga Aksel mai juyi huɗu a gasa a watan Satumba na 2022, ya yi shida a gasar duniya ta Montreal a Kanada a 2024 da iri biyar, Luts kaɗai ya maimaita, na biyun kuma a cikin haɗi, ya samu 227.79 a zagayen.

Gajeren zagaye, mai minti biyu da daƙiƙa 40, ba shi da sassaucin kashi 70. Gurabe uku ne, Aksel da tsalle shi kaɗai da haɗi, kuma tsallen da aka yi shi kaɗai ba zai sake fitowa a haɗi ba, in ya fito babu maki, kodayake an yarda tsalle biyun da suke cikin haɗin su zama iri ɗaya.

Game da zargin son kai, alƙalan da kake gani a jere ba su da hannu a wannan hukunci. Tun bayan rikicin Olamfik ta Salt Lake City a 2002, wanda ya kai ga ba wa Rasha da Kanada zinare a tare a wasan biyu-biyu na mace da namiji, aka yi watsi da tsohon tsarin maki 6.0, aka amince da sabo a 2004, kuma a cikinsa an raba aiki gida biyu. Kwamitin tantancewa na mutum uku shi yake faɗin sunan kowane tsalle da adadin juyinsa, yana da damar sake kallon bidiyo a hankali bayan an gama, shi ne kuma yake tabbatar da tauraro ko +REP. Alƙalai tara kuwa kyawun aiki suke aunawa, daga -5 zuwa +5, kowane mataki kashi 10 cikin 100 na makin tushe, a jefar da mafi girma da mafi ƙanƙanta a ɗauki matsakaicin sauran. Sake kallon bidiyon nan ne ma ya sa makin da yake gudu a kusurwar allo lokacin wasa yakan ragu kafin a sanar da na ƙarshe. Idan kana neman inda ra'ayin mutum zai iya shiga, duba makin kyawun aiki da makin tsari da nuni da ƙwarewar zamiya, da kuma hukuncin cikar juyi, a nan ake jayayya kullum. Maimaici kuwa kai ma za ka iya ƙirga shi daga jerin da yake gefen hagu na takardar.

A ganina dokar tana da kyau, amma hukuncin tauraro ya yi tsanani idan aka duba wanda yake faɗawa. Da wuya ya kama mai neman wayo, domin mai wayo tsarinsa a tace yake. Wanda yake kamawa shi ne wanda ya riga ya yi asarar maki biyar da buɗewar tsalle, sannan aka bukace shi, numfashi yana sama, kiɗa yana tafiya, ya tuna abin da ya yi minti biyu da suka wuce ya sauya abin da jikinsa ya haddace watanni. Masu kare hukuncin suna cewa natsuwar yin wannan lissafi ita ma gwaninta ce, kuma ba su rasa hujja ba, tunda masu horarwa na ƙwarai suna koya wa ɗalibansu tsari na biyu da na uku, har su riƙa sa su kuskure da gangan a atisaye don su saba da sauyawa. Duk da haka, da tsalle na uku zai ci wani ɗan kaso kamar yadda +REP yake ci, da manufar 1982 ba ta rushe ba, domin ba wanda zai tsara wasansa a kan tsalle mai ragaggen maki.

Babban taron ISU yana zama duk shekara biyu, kuma a zamansa na 2024 a Las Vegas ya amince a rage guraben tsalle na dogon zagaye daga bakwai zuwa shida bayan Olamfik ta 2026. Saboda haka idan za ka ƙirga tsallen wani wasa, fara duba shekarar da aka yi shi, domin takardar 2014 da ta 2022 da ta kakar da ta biyo bayan 2026 kowacce da adadin gurabenta.